TSAUTSAYI NE, KO KUWA SAKACI?

Akwai wata kalma wadda ba a rasa jinta duk sa'ad da yaro ya ƙone a gida, watau "tsautsayi". Yaro ya faɗa cikin talge, sai a ce tsautsayi ne. Yarinya ta jawo kaskon ƙosai mai ya zubo mata, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maƙwabta su zo jaje, kowa ya faɗi haka, a watse. Bayan kwana kaɗan a koma girki a murhun nan, a wurin nan, yara kuwa suna wasa kewaye da shi kamar dā.

Muna so mu yi tunani tare da masu karatu a kan wannan kalma. Tambayarmu ke nan: yaushe ya ke daidai mu ce tsautsayi, yaushe kuma faɗinta ya ke zama mayafin rufe laifinmu? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama ran yara da lafiyar jikinsu suna rataye a kan amsar da iyaye su ka ba ta.

Girman abin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 180,000 su ke mutuwa kowace shekara saboda ƙuna. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan a Afirka da kudu maso gabashin Asiya su ke. Ta kuma ce yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5 suna mutuwa da ƙuna fiye da ninki biyu na tsaransu a duniya duka. Waɗanda su ka tsira da rai ba a cikin lissafin nan su ke ba. Da yawansu sun tashi da yatsu a manne, ko wuya a ɗaure da tabo, ko fuskar da ta sa yarinya ta ƙi zuwa makaranta don tsoron ba'ar 'yan'uwanta.

Ba sai mun tafi nesa ba. Mu duba gidajenmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye. Murhu duwatsu uku ne a ƙasa, tsakar gida, daidai tsayin yaro mai rarrafe. Tukunyar tuwo tana bisa, ta miya tana gefe. Inda aka yi haihuwa akwai babbar tukunyar wankan jego tana tafasa safe da yamma har kwana 40. Inda uwargida ta ke sana'a akwai kaskon ƙosai ko na awara ko na ƙuli-ƙuli. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma man suya ya kan kai wajen 180. Ko ruwa mai digiri 60 kaɗai, wanda bai ko fara tsuwa ba, ya isa ya ɓata fata cikin 'yan daƙiƙu. Fatar yaro kuwa ba ta kai ta babba kauri ba, saboda haka zafin da zai yi wa babba ja kawai, yaro sai ya saluɓe.

Da hunturu abin ya kan ƙaru. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana da ƙarfi, zana da kara sun bushe ƙayau, ana shigar da kaskon wuta ɗaki, yara suna jin ɗumi da riguna irin na leda masu narkewa su manne da jiki. Ga shi kuma tun 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin gas da na kananzir ya hau, gidaje da yawa su ka koma itace da gawayi. Waɗansu iyalai da 'yan bindiga su ka kora daga ƙauyukansu sun shigo gari sun cushe a ɗaki guda, nan kwana, nan girki. Ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, waɗanda su ke haya a cikin gari, su kan ajiye ƙaramar tukunyar gas kusa da katifa. Kowane zamani da irin wutarsa.

Abu uku da mu kan kira da suna ɗaya

In mun lura za mu ga abu uku ne dabam dabam mu ke tarawa mu kira su tsautsayi.

Na fari shi ne tsautsayi na gaskiya, watau abin da ba mai hankalin da zai iya hangowa, ko kuwa an hango shi an yi iyakar ƙoƙari, duk da haka ya auku. Tsawa ta faɗa bisa ɗaki. Guguwa ta ɗauko wuta daga wani gida mai nisa. Irin wannan akwai shi, ba kuwa wanda zai ɗauki alhakinsa.

Na biyu rashin sani ne. A shekarar 2010 aka gane yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na ƙasar Zamfara. Likitocin ƙungiyar MSF da waɗansu ma'aikatan lafiya su ka bincika, su ka tarar gubar dalma ce. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar tana sauka inda a ke girki, inda yara su ke rarrafe suna sa hannu a baka. Yara wajen 400 su ka mutu. Iyayen nan suna ƙaunar 'ya'yansu kamar kowa, abincin yaran ma su ke nema. Ba su san ƙurar guba ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma daga ranar da aka gaya musu, magana ta sāke. Wanda ya ƙara kawo dutsen nan cikin gida bayan ya ji, ba shi da sauran mafaka a rashin sani.

Na uku shi ne sakaci, watau mun san abin yana iya aukuwa, muna da ikon gyarawa, mu ka bar shi. A ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama ajujuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara wajen 20 su ka mutu. Ba a cika wata bakwai ba, ran 8 ga Nuwamba, sai irinta ta auku a Maraɗi, nan ƙetaren iyaka da mu. Yara aƙalla 25 su ka ƙone, 'yan shekara 5 zuwa 6. Bayan wannan ne gwamnatin Nijar ta hana sa 'yan ajin share fage cikin ajin zana. To, mai karatu, ko da mun yarda ta fari tsautsayi ce, da wane suna za mu kira ta biyu? Hausawa sun riga sun faɗa: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zanar da aka yi ajujuwan nan da ita, irinta ce mu ke kewaye madafarmu da ita.

Ga ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi. A ce wani baƙo ya shigo gidanka jiya, kafin kome ya faru, ya tambaye ka, "Ina ne yaro zai iya jin ciwo a gidan nan?" In da za ka iya nuna masa wurin da yatsa, ka ce ga rijiyar can ba murfi, ga kwalbar kananzir ƙarƙashin gado, ga murhu a kan hanyar yara, to, abin da ya auku a wurin yau ba daga sama ya faɗo ba. Ka gan shi tun yana nesa.

Abin da za a ce mana

Wani zai ce, "Ashe, ba Allah ne mai tsarewa ba? Yawan tsoro rashin bangaskiya ne." Gaskiya ne, ba mai iya tsare ran ɗansa da ƙarfin kansa. Amma mu duba yadda mu ke yi da sauran kayanmu. Ba manomin da zai bar rumbu a buɗe ya ce Allah ya tsare gero. Ba mai akuya da zai bar ta a waje da dare ba turke. Muna ɗaure akuya, mu kulle babur, mu ɗinke kuɗi cikin lalita, ba kuwa mai cewa mun rasa bangaskiya. Don me sai a kan yaro, wanda ya fi su duka tamani, za mu ce hattara rashin dogara ce? A cikin Kubawar Shari'a, sura 22, akwai dokar da ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Maginanmu sun san irin katangan nan, suna ce da ita rawani. Dokar ba ta jira wani ya faɗo ba tukuna. Tun ran gini ta ɗora nauyin a kan mai gida.

Wani kuma zai kawo karin magana, ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Lalle bai sani ba, dalili ke nan da ya sa ya ke da iyaye. Ɗan shekara biyu ba shi da hankalin gane kashedi. Ko an doke shi yau, gobe zai koma, gama wuta tana da haske, tukunya kuma tana ƙamshi. Karin maganan nan don manya masu taurin kai aka yi ta. Wanda ya mai da ita hanyar renon jariri ya sa ɗansa makarantar da kuɗinta ya fi ƙarfin kowa, gama waɗansu darussan nata ba a tashi daga cikinsu.

Na uku zai ce, "Talauci ne. Masu kuɗi su ke da ɗakin girki da ƙofa." Wannan magana tana da nauyi, ba za mu rena ta ba. Macen da ta ke girki, tana goyo, tana ɗiban ruwa, tana suyar sayarwa, duka ita kaɗai, ba ta da ido goma. Iyalin da ke ɗaki guda ba su da inda za su kai murhu. Saboda haka ba daidai ba ne a auna kowa da mudu ɗaya. Alhakin mutum gwargwadon ikonsa ya ke. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin gyaran da a ke bukata ba na kuɗi ba ne. Laka kyauta ce a Dutsin-Ma. Ɗaga kwalba daga ƙasa zuwa bisa ba ya cin ko kwabo.

Alhakin wa?

Sa'ad da yaro ya ƙone, uwa a ke fara duba. "Ina ki ke? Me ki ke yi?" Wani lokaci kuma 'yar shekara bakwai da aka bar wa reno ita ta ke shan duka. Wannan ba shari'ar gaskiya ba ce. Yarinya 'yar shekara bakwai ita kanta abar tsaro ce. Ana iya sa ta wasa da ƙaninta a gindin bishiya, amma ba a ba ta jariri da murhu gaba ɗaya.

Mu tambaya, wa ya zaɓi inda aka kafa murhu? Wa ya ke da ikon kwaɓa ƙasa ya ja 'yar katanga? Wa ya sayo fetur a jarka ya ajiye a ɗaki? Wa ya haƙa rijiya bai yi mata murfi ba? Sau da yawa mai gida ne. Namiji ya kan ce girki sha'anin mata ne, ba ya shiga madafa. To, ba a ce ya tuƙa tuwo ba. An ce ya shiga da idon magini, ya ga abin da hannunsa zai gyara. Wanda ya ke da ikon sāke abu, shi ya ke da babban rabo cikin alhakinsa. Haka mai gidan haya wanda ya tara iyali biyar a gida bai ware musu wurin girki ba. Haka maƙwabciyar da ta ga ɗan wata yana rarrafe wajen kasko ta yi shiru don ba sa ga maciji da uwarsa. Ɗa na kowa ne, wuta kuwa ba ta tambayar ɗan wane ne.

Gyaran da ba ya jiran gobe

Ga waɗansu abubuwa da kowane gida zai iya yi cikin makon nan.

1. A ja katangar laka kewaye da murhu, tsayinta ya kai gwiwar babba, a bar ƙofa ɗaya. A nisanta murhu da zana da tarin kara. Duwatsun murhu su zauna daram, kada tukunya ta yi rawa.

2. Kada a sauke tukunya mai zafi a bar ta a kan hanya. Kada a miƙa kunu ko shayi ta bisa kan yaro. Mai suya kada ta sunkuya bisa kasko da goyo a baya, ko ta ba da mama a bakin wuta.

3. In za a yi wa yaro wanka, a fara zuba ruwan sanyi, sa'an nan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai kusa da baho ko bokiti mai ruwa, gama ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe in ya kifa ciki.

4. Kananzir, da fiya-fiya, da shinkafar ɓera, da sodar yin sabulu, kada a zuba su cikin kwalbar lemo ko robar ruwan sha. Yaro mai ƙishi ba ya karanta rubutu. A rataye su bisa, ko a kulle. Wuƙa da ashana da magungunan asibiti su ma haka.

5. Kada a ƙara kananzir a risho ko a fitila suna ci. Kada a hura wuta da fetur.

6. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kada kuma a ta da janareta a ciki. Suna fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci.

7. Mai gas ya riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da tiyo. In kumfa ta tashi, yana yoyo. In an ji warinsa a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Gas ba ya sanin babba. Ran 4 ga Janairu 2020 ya fashe a wani shagon ɗura gas a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda su ka mutu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya.

8. Mai ciwon farfaɗiya, yaro ko babba, kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta ko rijiya.

In abin ya riga ya auku

Nan ma rashin sani ya kan ƙara ɓarna. In riga ta kama wuta, kada yaro ya yi gudu. A kwantar da shi a mirgina shi, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. In mai ya kama a kasko, kada a watsa ruwa, gama zai yi tsalle da wutar. A rufe da murfi ko a zuba yashi.

Maganin fari na ƙuna ruwan sanyi ne mai tsabta. A yi ta kwarara shi bisa wurin har minti 20, ko daga famfo, ko daga randa da buta. Ban da ƙanƙara. A cire riga da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, amma abin da ya manne da fata a bar shi. A lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man shanu, ko gishiri, ko toka, ko makilin, ko baƙin mai, balle kashin shanu, wanda ya kan kawo ciwon sarƙewar haƙora. Kada a fasa bororo. A rufe wurin da tsumma mai tsabta.

Tafin hannun yaro tare da yatsunsa kamar kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. In ƙunar ta fi tafin hannunsa, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaba, ko mahaɗar gaɓa, ko kuwa jariri ne, a tafi asibiti nan da nan. In ta kai kashi 10, ruwan jikinsa yana tsiyayewa ta wurin, ransa yana cikin hatsari ko da ya daina kuka. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, in ta fi ƙarfinsu kuma za su tura asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. Yaron da ya sha kananzir ko soda, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Kananzir ya kan faɗa huhu wajen amai, soda kuwa ta sāke ƙona maƙogwaro wajen fitowa. A kai shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

Wurin da kalmar ta ke da amfani

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a tafi wurin uwar da ke zaune a gefen gadon asibiti a ce mata, "Sakacinki ne." Allah ya sawwaƙe. Zuciyarta ta riga ta yi mata shari'ar da ta fi ta kowane alƙali zafi. A wannan sa'a kalmar tsautsayi kalmar jinƙai ce, kamar ruwan sanyi a kan ƙuna. A faɗa mata, a kawo abinci, a taimaka da kuɗin magani, a riƙe mata sauran yara.

Amma kalma ɗaya tana iya zama magani bayan abu ya faru, ta zama guba kafin ya faru. Wanda ya ce wa mai makoki "tsautsayi ne" ya yi aikin kirki. Wanda ya dubi rijiyarsa a buɗe da safe ya ce wa kansa "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" ya tafi kasuwa, ya ci amanar yaran da aka danƙa a hannunsa. Jaje na ƙwarai kuma ba ya ƙarewa a baki. Waɗanda su ka zo gaisuwa su komo bayan mako guda da fartanya da kwandon ƙasa, su taya mai gida jan katanga, sa'an nan kowa ya koma ya ja tasa.

Ga ɗan aikin da mu ke roƙon kowane mai gida da uwargida su yi tare. Ku durƙusa a tsakar gidanku, idonku ya yi daidai da na ɗan shekara biyu, ku duba kewaye. Duk abin da ku ka gani mai zafi, ko mai kaifi, ko mai zurfi, ko mai kama da abin sha, wanda hannu ya ke kaiwa daga nan, ku tashi ku gyara shi tun rana ba ta faɗi ba. Mata su kai maganan nan taron zumunta, maza su kai ta inda su ke hira da maraice. In mun yi iyakar abin da ke hannunmu, sauran mu bar wa Allah da zuciya a kwance. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kuma ba mu idon gani tun da sauran lokaci.